Ƙarfe Biyu Saura Minti Takwas

Litinin, 5 ga Mayu, 4:40 na yamma

Na sayi littafin nan ne don in rubuta sunayen waɗanda za a kai wa katin bikin Hawwa, ƙanwata. Ga shi abin da zan fara rubutawa ba na biki ba ne. Ba zan rubuta shi a kwamfuta ba. Ni da ke kula da kwamfutocin wurin nan na fi kowa sanin ba sa mantuwa.

Shekarata uku a wannan ɗakin gwajin jini na GRA. Duk Litinin nakan zauna in karanta log, wato rajistar da kwamfuta ke ajiyewa ta duk manhajar da ta tashi, da lokacin da ta tashi, da sunan wanda ke kai. Aiki ne mai sa hamma. Yau ban yi hamma ba.

A kwamfutar Nafisa, wadda ke karɓar mutane tana buga musu sakamako, na ga manhajar tsohuwar firinta ta tashi ranar Alhamis da ƙarfe biyu saura minti takwas. Tsohuwar firinta kuwa mun sauya ta tun kwana goma da suka wuce, ni da hannuna na cire manhajarta. To wace ce wannan mai amsa sunanta? Kuma ba a mazaunin manhajoji take ba, tana can cikin foldar tarkace inda ba mai leƙawa.

Wataƙila ba komai ba ne.

Talata, 6 ga Mayu, 8:15 na safe

Na koma baya wata huɗu. Kullum tana tashi, kullum 1:52. Yawancin ranaku tana leƙowa ta mutu nan take. Amma sau goma sha ɗaya ta yi sakan huɗu tana wani abu.

1:52 ba kowa a gaban kwamfuta. Maza sun tafi masallacin bakin titi, mu mata muna ɗakin baya. Dardumar Nafisa a gefen tawa take. Kuma ba ta taɓa kulle kwamfutarta in za ta tashi ba, na yi magana har na gaji.

Ban ce kowa ba ne.

Alhamis, 8 ga Mayu, 3:30 na yamma

Na buɗe ta. Da ban buɗe ba.

Ba firinta ba ce, suna kawai aka sauya mata. Irin manhajar nan ce da ake rubuta wa umarni ta riƙa danna madannai da motsa linzami da kanta, kamar akwai mutum zaune. Ni na kawo ta wurin nan shekara biyu da suka wuce, saboda Nafisa na wahalar buga adireshinmu da kwanan wata a kan kowace takarda. Na rubuta mata layi goma sha biyar, aikin minti biyu ya koma na ƙiftawar ido. Har Hajiya Halimatu Sa'adiyya, likitar da ke da wurin, ta yaba mini a gaban mutane.

Layukana goma sha biyar suna nan yadda na rubuta su. Har da wata kalma da na yi kuskuren harafi a cikinta ban gyara ba. A ƙasa an ƙara layi tara waɗanda ba nawa ba. Ga abin da suke cewa: duba ko akwai filash a jikin kwamfuta. In akwai, karanta lambar da ke ciki. Buɗe sakamakon mai wannan lamba. Sauka gurbin jinotaif. Goge abin da ke wurin. Rubuta AA. Adana. Rufe.

Sakan huɗu.

A tsarinmu na'urar gwaji ce ke turo sakamako kai tsaye, Hajiya ta duba ta amince kafin sha biyu. Daga nan ba mai iya taɓa shi sai ta kwamfutar Nafisa, don gyaran suna in an yi kuskure. Wanda ya ƙara layukan nan ya san haka. Ɗan gida ne.

Ba zan rubuta maganar Yaya Rakiya yau ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, 11:00 na safe

Nafisa ta ce, "Anti Ramla, me kike nema a kwamfutata kwana biyun nan? Ko ta kamu da wani abu ne?"

Na ce gyara ne kawai. Ta yi dariya ta miƙo mini gyaɗa. Me ya sa ta tambaya? Amma da ni ce, ai ni ma zan tambaya.

Litinin, 12 ga Mayu, 5:05 na yamma

Na'urar gwaji tana ajiye nata sakamakon a cikinta, ba ruwanta da abin da aka buga a takarda. Na jira Malam Gwadabe, babban ma'aikacinmu mai kula da ita, ya fita cin abinci, na shiga na kwafo. Na jera lambobi goma sha ɗayan nan.

Duka AS ne a na'ura. Duka AA ne a takarda. Duka gwajin kafin aure ne.

Na rufe layin sunaye da tafin hannuna don kada in gani, amanar mutane ce. Sai na ce ai dole in san ko an riga an ɗaura. Na ɗaga hannu.

Na bakwai na san shi.

Talata, 13 ga Mayu, bayan Magariba

Usaini, mai neman Hawwa, ya zo zance. A zaure muka haɗu ina shigowa da jakata. Ya durƙusa har ƙasa, "Yaya Ramla, ina wuni, ya aiki, ya zafi, ya hidimarmu?" Na amsa duka. Na kalli fuskarsa da kyau ina neman wani abu, ban samu ba. Ko dai ya iya sosai.

Hawwa AS ce, duk gidanmu an sani. Shi ya sa tun ranar da Usaini ya fito Inna ta ce ba ta karɓar goron kowa sai ta ga takarda. Ranar da ya kawo takardar nan mai tambarin wurin aikina, Inna ta miƙo mini ta ce, "Karanta mani, ke ce kika san aikin." Na karanta da bakina. AA. Inna ta juya gabas ta yi sujada a kan simintin tsakar gida.

Saura kwana goma sha takwas.

Laraba, 14 ga Mayu, 7:50 na safe

A cikin Keke Napep tsakanin Ƙofar Kwaya da GRA abin ya faɗo mini. Manhajar ni na kawo ta. Umarnin rubutuna ne, har da kuskurena. Kalmar sirrin kowace kwamfuta tana hannuna. Kuma cikin waɗanda aka sauya wa sakamako akwai mai neman ƙanwata.

In na kai wa Hajiya wannan, wa za ta fara kallo?

Ko da gangan aka yi amfani da rubutuna?

Laraba, 2:20 na rana

Na yi sallah ban san raka'a nawa na yi ba. Kunnena na wajen ƙofa.

Asabar, 17 ga Mayu, 10:30 na safe

Ba aiki yau, amma na zo da kwafin log gida. Hawwa da ƙawayenta suna tsakar gida suna gardamar kalar anko, ni ina ɗaki na ce kaina ke ciwo.

Kowane filash yana da lambarsa, kuma kwamfuta tana rubuta ta duk sanda aka soka shi. Ranakun nan goma sha ɗaya filash ɗaya ne, lambarsa ta ƙare da 4471. Ana soka shi ta bayan kwamfuta wajen bakwai da kwata na safe, a zare bayan an tashi. Nafisa ba ta zuwa sai takwas, mijinta ke sauke ta. Bakwai da kwata mutum biyu ne a wurin: mai shara, wadda ko kunna fanka sai ta kira wani, da mai riƙe da makulli.

Sai na bincika sauran kwamfutoci. 4471 ya fito a guda ɗaya, kusan kullum, tun bara. Da shi mai ita yake sauraron tafsiri yana aiki.

Na rufe na tashi na sha ruwa na dawo na sake dubawa. Bai sauya ba.

Malam Gwadabe abokin mahaifinmu ne tun suna yara a Gobarau. Shi ya yi wa Baba wanka da ya rasu. Shi ya kawo ni gaban Hajiya ya ce ga ɗiyarsa ta karanta kwamfuta. A ofis ina ce masa Malam, a gida Baba Gwadabe. Kuma na tuna, bara da damina ya ja kujera ya zauna kusa da ni ya ce in nuna masa yadda abin nan ke danna kansa, abin na ba shi mamaki. Na nuna masa layi bayan layi. Har daɗi na ji, wai dattijo na son koyo.

Filash ana iya ara. Ana iya ɗauka a mayar. Ban ce kowa ba ne.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Yaya Rakiya shekararta goma sha tara ta rasu. Sikila. Abin da na fi tunawa shi ne yadda take cizon gefen filo don kada ta tashe mu. Hawwa tana da shekara tara lokacin, ita ke riƙe mata ƙafa.

Shi ke nan, na rubuta.

Litinin, 19 ga Mayu, 3:10 na yamma

Ranar Juma'a kafin in tashi na yi wani abu ban rubuta a nan ba. Ban goge manhajar ba, don kada mai ita ya farga. Na cire layin da ke gogewa da mai rubuta AA, na sa in ta tashi ta ajiye mini lambar da aka ba ta kawai.

Yau da bakwai da minti goma sha biyu 4471 ya shiga. 1:52 ta tashi. Ta ajiye mini lamba. Ta goma sha biyu.

Da ƙarfe uku saura kaɗan wani saurayi ya zo karɓar takardarsa, da hula sabuwa. Nafisa ta buga ta sa a ambulan ta miƙa masa. A bakin ƙofa ya buɗe. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo, ba wurin Nafisa ba, ya wuce kai tsaye ɗakin na'ura.

Da ya fita Malam Gwadabe ya leƙo. Bai kalli Nafisa ba, bai kalli kwamfutar ba. Ni ya kalla.

Talata, 20 ga Mayu, 9:00 na safe

Ya gaishe ni kamar kullum. Na amsa kamar kullum. Filash ɗin kore ne, yana rataye a makullin babur ɗinsa.

Laraba, 21 ga Mayu, 5:45 na yamma

Bayan La'asar ya ce in same shi gindin dalbejiyar da ke bayan ofis. Na same shi zaune a benci yana jan carbi.

"Zamna, Ramlatu. Mi kika gani?"

Na ce na ga komai, Baba. Ranaku, lokuta, lambar filash.

Bai musa ba. Na so ya musa. Ya ce, "Shekara talatin ina aikin ga. Kin san yara nawa na gani sun fito da takarda sun zamna bakin kwalbati suna kuka? An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, gari ya ji, sannan haruffa biyu su watsa komi. Ɗaya cikin huɗu ne fa, ɗiyata. Uku lahiya lau suke zuwa. Allah ke rayawa, ba na'ura ba."

Na ce, "Yaya Rakiya ɗaya cikin huɗu ce."

Carbin ya tsaya. Ya ce ai shi ya ɗauki makararta, kada in koya masa wace ce Rakiya.

Na ce to me ya sa da rubutuna, da kwamfutar Nafisa? In abin ya fashe mu za a kama. Ya ce bai taɓa zaton zai fashe ba, wa ke karanta waɗannan layukan in ban da ni. Na tambaye shi ko shi kaɗai ya ƙara layi taran, don ban yarda abin da na nuna masa a yini ɗaya ya isa ba. Ya ce wannan ba matsalata ba ce. Har yanzu ban san wanda ya taya shi ba.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Usaini shi ya zo ya roƙe ka?"

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Yaron nan bai taɓa yi mani magana ba bayan gaisuwa. Tahi gida ki yi tambayarki can."

Alhamis, 22 ga Mayu, 1:52 na rana

Ina kallon agogo. Ba abin da ya tashi. Ban ji sauƙi ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan Magariba

Inna ta tafi barka maƙwabta. Na sami Hawwa a ɗaki tana jera atamfofin lefe a akwati. Na rufe ƙofa. Na shirya magana tun a hanya, yadda zan bi da ita a hankali, in riƙe ta in ta faɗi. Na ce, "Hawwa, takardar Usaini ba daidai take ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ninke atamfar da ke hannunta ta sa a akwati ta danna.

"Na sani, Yaya."

Ta ce tun kafin Usaini ya je gwajin ta bi Baba Gwadabe har gida Gobarau. Ta ce masa in ya fito AA shi ke nan, in kuwa ba haka ba ya rufa mata asiri. Sau uku tana zuwa yana korarta, a na huɗu ya ce to. Ba ta san yadda ya yi ba, ba ta san da hannuna a ciki ba.

Na ce, "Usaini fa?"

"Bai sani ba. Shi a saninsa AA ne. Har sadaka ya yi."

Na ce ke da kika riƙe ƙafar Yaya Rakiya? Sai a nan ta ɗago. Ta ce, "Ni na riƙe, ba ke ba, ke kina makarantar kwana. Kada ki gaya mini. Shekara huɗu muna tare da shi, Yaya. Na ce in ya so ba sai mun haihu ba. Na ce in ya so ɗaya, mu yi ta addu'a. Na ce abubuwa da yawa."

Na ce amma shi ba ki ce masa ko ɗaya ba.

Ta kama hannuna biyu. "Kwana takwas ya rage. Ki bari a ɗaura, na rantse zan gaya masa da bakina. Don Allah, don darajar Baba."

Kwana goma sha takwas ina zargin Nafisa, ina zargin Usaini, har mai shara na zarga. Wadda muke kwana ɗaki ɗaya ban taɓa kawo ta ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, 6:30 na safe

Goma sha ɗaya ne, ba ɗaya ba. Shida an riga an ɗaura. Ba su san abin da suke ɗauke da shi ba.

Litinin, 26 ga Mayu, 4:00 na yamma

Kafin in fita da safe na gaya wa Hawwa inda za ni. Na ce tana da yinin yau ta riga kowa gaya wa Usaini. Ta juya fuska bango.

Na kai wa Hajiya komai a buge, shafi tara. Ta sa gilashi ta karanta. Da ta zo kan umarnin ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce sha biyar na sama ni ce, taran ƙasa ba ni ba.

"Na bakwai ɗin nan, ba shi ne mijin da ƙanwarki za ta aura ba? Katin yana kan teburina."

Na ce shi ne.

Ta cire gilashin ta daɗe tana kallona. Irin kallon da na yi makonni ina yi wa mutane ne, yau na ji yadda yake. Ta ce za ta kira wani daga waje ya duba, kafin nan in rubuta mata duk kalmomin sirri in zauna gida. Ban ga laifinta ba.

Ta kira Malam Gwadabe. Minti goma ya yi a ciki. Ya fito ya ajiye makullin ofis a kan teburin Nafisa, ya ɗauki buta da dardumarsa. Da zai wuce ni ya ce, "Allah shi yi maki albarka," ban san ta wace fuska ya faɗa ba.

Nafisa aka ba sunayen ta kira su ɗaya bayan ɗaya su dawo a sake gwaji. Ta tare ni ina haɗa kayana, idonta ja. "Anti Ramla, da sunana aka yi duk wannan? Kuma kina gani kina cin gyaɗata ba ki gaya mini ba? Zargina kike?"

Na ce eh, da farko. Ta koma ta zauna ta ɗauki waya.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan La'asar

Hawwa ba ta gaya masa ba. Kiran Nafisa ne ya same shi a shago.

Yau baffanninsa biyu suka zo wurin kawunmu. Ba a ɗaga murya ba. An ce a ɗaga biki sai bayan Babbar Sallah a ga abin da Allah zai yi. Kowa ya san abin da ake nufi, ko kuma ba wanda ya sani.

Inna ba ta yi wa Hawwa faɗa ba. Ni ma ba ta yi mini ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar nan daga ƙarƙashin katifa, ta miƙo mini ta ce, "Mayar masu da abinsu."

Alhamis, 29 ga Mayu, 1:52 na rana

Ina gida. Na duba agogo duk da haka.

Asabar, 31 ga Mayu, 11:20 na safe

An sanar da kowa an ɗaga, amma an manta da masu kujeru. Tun takwas suka sauke rumfa biyu da kujeru ɗari biyu a ƙofar gida suka tafi. Maƙwabta na wucewa suna sunkuyar da kai. Na kira mai kujerun, ya ce motar sai azahar, mu tara masa su wuri ɗaya.

Na sa hijabi na fita ina tarawa ni kaɗai, goma goma. Na kai wajen rabi sai na ji ana jan kujera a bayana. Hawwa ce. Kwana biyar ba ta yi mini magana ba. Ba lalle a hannunta, mai lallen ma an sallame ta.

Muka yi ta tarawa. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Da kin yi shiru, da yanzu ana ɗaurawa."

Na ce na sani.

"Ya turo saƙo jiya. Wai ba jinin ne ya fi damunsa ba. Wai in ba shi lokaci."

Na ce to me kika ce?

"Me zan ce? Na ce to."

Ban ce mata zai dawo ba, don ban sani ba. Ita ma ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma tabbata wa ya kamata ya yafe wa wani ba. Kujera ɗaya ta rage can bakin kwata, iska ta kayar da ita. Na tafi ɗaukowa, ta biyo ni. Ta kama baya na kama ƙafafu, muka kawo ta tare, ko da yake ta roba ce, hannu ɗaya ma ya isa.